Gwaji bai wadatar ba ne, sai an rubuta tsarin manhaja da lissafi?

Tambaya: Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar biyan kuɗi. Ina yawan jin cewa manyan kamfanoni na rubuta tsarin manhajarsu da lissafi da manɗiƙi tun kafin su taɓa kod, kuma ana ambaton wani abu TLA+. Mu dai muna rubuta kod, mu gwada, in ya yi aiki mu saki. Mene ne wannan abin, kuma ya cancanci in ba shi lokacina?

Amsa: Ya cancanta, ɗan'uwa, balle kai da kuɗin jama'a ke bi ta hannunka. Sai dai ba don dalilin da aka fi yayatawa ba. Za ka ji ana cewa wannan hanya tana tabbatar da cewa manhaja ba ta da kuskure ko ɗaya. Maganar ta yi girma, kuma zan dawo kanta. Ainihin aikinta shi ne ta matsa maka ka faɗi, ba kwana-kwana, abin da tsarinka zai yi da abin da ba a yarda ya taɓa faruwa ba. Da zarar ka rubuta haka da harshen da kwamfuta ke iya karantawa, sai ita kuma ta bi duk yadda al'amura za su iya jeruwa, har da jerin da hankalin mutum ba zai taɓa kawowa ba.

Mu ɗauki misali daga aikinka. Asusu ne da naira 10,000 a ciki. Buƙatu biyu suka shigo kusan lokaci guda, ɗaya daga wajen mai POS, ɗaya daga manhajar waya, kowace na son cire 8,000. Kod ɗinka yana yin abu uku: ya karanta ragowar asusun, ya duba ko ta kai, sannan ya rubuta sabuwar ragowa ya biya. Duk wanda ya karanta kod ɗin zai ce lafiya lau.

To, matakai shida ke nan, uku na wannan, uku na waccan. In kowace buƙata ta kiyaye jerin nata matakan, akwai hanyoyi 20 da za su iya cuɗanya. Biyu kacal ne masu lafiya: ta farko ta gama kaf kafin ta biyu ta fara, ko akasin haka. A sauran 18 ɗin, duka biyun sun karanta 10,000 kafin wata ta rubuta, kowace ta ga kuɗi ya isa, kowace ta rubuta 2,000. An biya 16,000 daga asusun 10,000, kuma wai har da saura.

Me ya sa gwajinka bai kama wannan ba, alhali hanyoyin ɓarna sun fi yawa nesa ba kusa ba? Saboda a kan kwamfutarka kowace buƙata na kammaluwa cikin ƙiftawar ido, kusan kullum hanyoyin nan biyu masu lafiya ne ke fitowa. Sai ranar da aka biya albashi, ko jajibirin Sallah, rumbun bayanai ya yi nauyi, tazarar da ke tsakanin karantawa da rubutawa ta buɗe, sauran 18 ɗin su samu ƙofa. Kuma lissafin yana hauhawa da ban tsoro. Buƙatu uku masu matakai uku-uku suna da jeri 1,680. Buƙatu biyar suna da 168,168,000. Babu ma'aikatan gwajin da za su bi wannan da hannu. Tun wajen 1970 Edsger Dijkstra, masanin nan ɗan ƙasar Holan, ya faɗi cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu.

Na san za ka ce wannan tsohon labari ne, ai kulle asusun ake yi a rumbun bayanai, kada wata buƙata ta taɓa shi har a gama ciniki. Gaskiyarka. Na zaɓe shi ne don ana iya ƙirga shi da hannu. Ba a nan gizo ke saƙar ba, zan kawo mai wuyar nan gaba. Amma bari ka fara ganin yadda ake rubuta abin.

A TLA+, wanda harshe ne na rubuta bayanin tsari da lissafi, ana kallon kowane tsari ta fuska biyu: halin da yake ciki, da matakan da ke kai shi daga wani hali zuwa wani. Hali shi ne ƙimar duk abubuwan da ka damu da su a wani lokaci. A misalinmu, ragowar asusu da jimlar abin da aka biya. Sai ka rubuta halin farko:

Farko: ragowa = 10000 ∧ biya = 0

Alamar ∧ tana nufin "kuma". Sannan ka rubuta matakin da aka halatta:

Cire: ragowa ≥ 8000 ∧ ragowa′ = ragowa − 8000 ∧ biya′ = biya + 8000

Ɗan karan da ke saman kalma yana nufin ƙimarta bayan matakin. Ka lura, wannan ba umarni ba ne irin na kod. Magana ce da ke iya zama gaskiya ko ƙarya game da hali biyu, na kafin mataki da na bayansa. Duk motsin da ya sa maganar ta zama gaskiya halattacce ne, wanda bai sa ba haramtacce ne. Lissafin da ake buƙata bai wuce "kuma", "ko", "ba", "idan kaza to kaza", "ga kowane", "akwai wani", da ɗan ilimin rukunoni ba. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci manɗiƙi a zaure ya riga ya san rabin waɗannan, alamomin ne kawai baƙi gare shi.

Yanzu ga wurin da amfanin yake fara bayyana. Yadda na rubuta Cire ɗin nan, dubawa da cirewa da biya duk mataki ɗaya ne da ba ya rabuwa, saboda haka babu ɓarnar da za ta auku. Amma kod ɗinka haka yake? In ba haka yake ba, dole ka raba shi gida uku a rubuce, kuma da ka raba, kuskuren zai fito. Tambayar "mene ne ke faruwa a mataki ɗaya, kuma ina wani zai iya kutsowa tsakani?" ita ce babbar tambaya a duk tsarin da abubuwa da yawa ke gudana tare. Bayanin da aka rubuta da Hausa ko Turanci yana barinka ka tsallake ta ba tare da ka sani ba. Ka rubuta "tsarin zai duba ragowa ya cire kuɗi", kowa a taro ya gyaɗa kai, ba wanda ya tambaya ko abu ɗaya ne ko biyu. Lissafi ba ya barinka. Sau da yawa injiniya yana gano ramin da ke cikin tsarinsa tun yana tsakiyar rubutun, kafin ya kunna wata manhajar bincike.

Bayan matakai, sai sharaɗin da kake son ya tsaya a kowane hali. A nan ma akwai tarko. Abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne "kada ragowa ta yi ƙasa da sifiri". Koma ka duba ɓarnar da muka gani: ragowa ta tsaya a 2,000, ba ta taɓa sauka ƙasa da sifiri ba. Wannan sharaɗi zai ce maka komai daidai, alhali naira 8,000 ta fito daga inda babu ita. Sharaɗin da ke kama ɓarawon shi ne:

ragowa + biya = 10000

Wato kuɗi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wuri kawai yake sauyawa. Nemo irin wannan jumla shi ne mafi wuya a cikin aikin, kuma shi ne mafi daraja. Ni a ganina, ko da ba za ka taɓa girka TLA+ a kwamfutarka ba, in ka zauna da abokan aikinka kuka rubuta jumloli biyar irin wannan game da tsarinku, kun ci riba.

Daga nan sai manhajar bincike, wadda ake kira TLC. Yuan Yu ne ya fara rubuta ta a ƙarshen shekarun 1990. Aikinta mai sauƙin faɗa ne: ta fara daga halin farko, ta gwada duk matakin da zai yiwu, daga kowane sabon hali ta sake gwada duk mai yiwuwa, har sai babu sabon halin da ya rage. A kowane hali tana duba sharaɗinka. In ya karye, sai ta tsaya ta zayyano maka matakan da suka kai ga karyewar, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci mafi gajeriyar hanya take ba ka. Wanda ya taɓa kwana yana tonon bayanan saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, yana neman kuskuren da ya faru sau ɗaya ya ƙi maimaituwa, shi zai san darajar a miƙo masa labarin a jere haka.

Sharuɗɗa iri biyu ne, kuma Leslie Lamport, wanda ya ƙirƙiro TLA+, shi ya raba su a 1977. Na farko yana cewa mugun abu ba zai taɓa faruwa ba. Na biyu yana cewa abin da ake jira zai faru, komai daɗewa. Ana buƙatar duka biyun, domin tsarin da ya ƙi yin komai sam ya cika sharaɗi na farko cif: bai biya kowa ba, saboda haka bai biya kowa sau biyu ba. A shekarar nan ta 1977 ce kuma Amir Pnueli na Isra'ila ya kawo manɗiƙin lokaci cikin nazarin manhaja, wanda ya ƙara kalmomi biyu a kan manɗiƙin da aka sani, "ko da yaushe" da "a ƙarshe". Da su ake rubuta irin wannan: ko da yaushe, in an cire kuɗi daga asusun mai turawa, to a ƙarshe ko dai ya isa ga mai karɓa, ko a mayar wa mai shi. Duk wanda ya taɓa samun alat ɗin cirewa, mai shago kuma ya ce bai ga komai ba, ya ɗanɗani karyewar wannan jumla.

Ga mai wuyar da na yi alkawari. Tsarinka ya cire kuɗi, ya aika saƙo zuwa wani banki, amsa ba ta dawo ba. Abu uku ne ke iya kasancewa: saƙon ya ɓace a hanya, ko ya isa an biya amma amsar ce ta ɓace, ko kuma yana nan tafe bai isa ba tukuna. Daga inda kake zaune, ukun kamarsu ɗaya, shiru ne kawai. In ka mayar da kuɗin alhali an biya, kun yi asara. In ka sake aikawa ba tare da lamba ta musamman da ke bambanta kowane ciniki ba, an biya sau biyu. In ka mayar, sannan tsohon saƙon ya ƙarasa bayan minti biyar, nan ma asara. Ka ƙara da cewa sabarka na iya mutuwa bayan ta cire kuɗi amma kafin ta rubuta cewa ta aika. A TLA+ ɓacewar saƙo mataki ne kamar kowane, layi biyu ko uku. Maimaituwar saƙo mataki ne, mutuwar saba mataki ne. TLC za ta jefa su a kowane gurbi da za su iya faɗawa. Kuma sharaɗin "a ƙarshe" ba zai tabbata ba sai ka rubuta zatonka a fili, misali cewa netwok ba zai ɗauke har abada ba. Yawancin tsare-tsare suna tsaye ne a kan irin waɗannan zato da ba wanda ya taɓa furtawa.

Kada ka ɗauka wannan aikin 'yan jami'a ne kawai. Injiniyoyin Amazon Web Services sun fara amfani da TLA+ a 2011, kuma a 2015 Chris Newcombe da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani. A cikin DynamoDB, wani rumbun bayanai na kamfanin, sun gano wani kuskure da ke iya jawo asarar bayanai, wanda mafi gajeriyar hanyar kaiwa gare shi matakai 35 ce. Ya tsallake bitar tsari, ya tsallake bitar kod, ya tsallake gwaji mai yawa, a hannun ƙwararrun mutane. Ba sakaci ba ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce ba ta riƙe matakai 35 masu cuɗanya. Sun kuma ce injiniyoyinsu, ƙanana da manya, sun koyi harshen har suka fara samun amfani cikin mako biyu zuwa uku. Wannan adadi shi ya fi dacewa da tambayarka ta lokaci.

Masu ƙera na'urorin cikin kwamfuta sun riga masu manhaja shiga wannan hanya, kuma dalilinsu a fili yake: in an buga miliyoyin ƙwaƙwalwar kwamfuta an sayar, ba a aika musu gyara cikin dare. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a wata kwaleji da ke Lynchburg a jihar Virginia ta Amurka, ya lura cewa Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, na ba da amsar da ba daidai ba a wasu lissafin rabawa. Gurabe biyar ne suka ɓace a wani jadawali da ke cikin na'urar. Maye gurbin kayan ya ci wa Intel dala miliyan 475. Bayan haka tabbatar da sassan lissafi ta hanyar hujja ya zama ruwan dare a masana'antar, kamfanin AMD ma ya sa aka kafa hujjar ingancin rabawa a ƙwaƙwalwarsa ta K5 da manhajar kafa hujja mai suna ACL2. Dabarar bin duk halaye da kwamfuta kuwa ta fito ne a farkon shekarun 1980, daga Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka, da Joseph Sifakis da Jean-Pierre Queille a Faransa.

Akwai mataki na sama da wannan, wato a kafa hujjar lissafi cewa kod ɗin kansa ya dace da bayanin da aka ƙayyade. Layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris, wanda aka buɗe a 1998 kuma ke tafiya ba direba, an gina sassan manhajarsa masu hatsari da hanyar B ta Jean-Raymond Abrial. A 2009 wata tawaga a Ostareliya ta kammala hujjar seL4, wata 'yar ƙaramar zuciyar manhajar sarrafa kwamfuta mai layin kod kusan 8,700, kuma hujjar ta ci layi kusan 200,000. Dubi tazarar nan da kyau, ita ce farashin. Ya dace da jirgin sama da jirgin ƙasa da na'urar asibiti. Kamfaninku ba ya buƙatarsa yanzu, kuma rikita shi da abin da nake ba ka shawara a kai shi ke sa mutane da yawa su gudu tun kafin su fara. Abin da nake nufi shafi biyu zuwa biyar ne na bayanin tsari, ba na kod ba.

Yanzu maganar da na ce zan dawo kanta. Hujja tana tabbatar da abin da aka rubuta ne, bisa zaton da aka yi. In zaton ya saɓa wa duniya, hujjar na nan daram amma na'urar za ta faɗi. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa dabarar neman abu a jerin da aka tsara ta hanyar raba shi biyu-biyu, wadda shi da kansa ya rubuta wa Java, wani harshen rubuta kod, ta yi shekara tara ɗauke da kuskure. Dabara ce da aka daɗe da kafa hujjar ingancinta a takarda. Matsalar ita ce hujjar ta ɗauka lambobi ba su da iyaka, alhali a Java lamba irin wannan ba ta wuce 2,147,483,647, kuma in jerin ya haura biliyan ɗaya, haɗa lambobi biyu don neman tsakiya yana tumbatsa. Haka rokar Ariane 5 da ta tarwatse a ranar 4 ga Yuni 1996, kimanin daƙiƙa 40 bayan an kunna injinta. Manhajar da ta jawo hatsarin an ɗauko ta daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, wata ƙima ta yi wa ƙaramin gurbin da aka tanadar mata yawa. Kod ɗin ya cika alkawarin da aka ɗora masa, amma alkawarin na wata roka ce daban.

TLC ma tana da iyakarta. Ba za ta bi asusu miliyan ba, halaye za su yi mata yawa. Ana ba ta ƙaramin samfuri ne, asusu biyu ko uku, saba uku, saƙonni kaɗan. Abin da aiki ya nuna shi ne yawancin kurakuran tsari suna bayyana a ƙaramin samfuri, amma wannan lura ce, ba hujja ba. Ba ta faɗa maka ko tsarinka zai yi nauyi ranar cunkoso. Kuma tsakanin bayanin da kod ɗin akwai tazara da kai za ka tsallaka da hannunka, kana iya yin tuntuɓe a nan. Saboda haka ba a daina gwaji. Gwaji yana duba kod, wannan yana duba tunanin da aka gina kod a kai, kuma kuskuren tunani shi ne wanda ke sa a rushe aikin wata shida.

Ba komai ake rubuta wa irin wannan bayani ba. Lamport yakan kwatanta shi da zanen gini, kuma kwatancen ya zauna: ba wanda ke kiran mai zane don akurkin kaji, amma bene mai hawa biyar ba a fara shi da ka. Shafin shiga, launin maɓalli, rahoton wata-wata, bar su da gwaji. Inda abubuwa biyu ke taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, inda saƙo ke tsallaka netwok, inda ake sake aikawa ko mayar da kuɗi, nan ne wurinsa. A manhajar biyan kuɗi wannan ɗan ƙaramin yanki ne, amma daga nan kusan duk koke-koken abokan ciniki ke fitowa.

Kayan aikin kyauta ne. Littafin da Lamport ya fitar a 2002 a kan TLA+ yana shafinsa na intanet ba ko kwabo, tare da darussan bidiyo da ya yi da kansa. In alamomin sun yi maka nauyi da farko, akwai PlusCal, wanda ya yi kama da kod ɗin da ka saba, ana juya shi zuwa TLA+ kai tsaye. Akwai kuma Alloy na Daniel Jackson a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya fi ƙarfi wajen alaƙar bayanai, kamar wa ke da izinin taɓa me. Da shi Pamela Zave ta nuna cewa Chord, wani sanannen tsarin haɗa kwamfutoci da aka yi shekaru ana koyarwa, ba ya cika abin da aka ce yana cikawa.

Ka fara da hanyar mayar da kuɗi ta kamfaninku, yadda take a yau, ba yadda kuke fatan ta zama ba. Asusu biyu, buƙatu uku, netwok da ke iya yar da saƙo ko ya maimaita shi, da saba da ke iya mutuwa ta farfaɗo. Rubuta sharaɗin jimlar kuɗi, ka rubuta na "ya isa ko an mayar". In TLC ta gama ba ta ce komai ba tun karon farko, kada ka yi saurin kai wa shugabanka albishir. Cire kullen da gangan, ko ka goge lambar da ke bambanta ciniki, ka sake sakinta. In har yanzu ba ta kama komai ba, to sharaɗinka ne ya yi sako-sako, ko ka haɗe matakan da ya kamata a raba, sai ka koma kan rubutun.